Tsohon sojan Amurka da aka ci zarafinsa a bariki ya ƙi zuwa asibiti: me ke hana shi?

Tambaya

Likita, barka da aiki. Ƙanina ya yi aikin soja a Amurka, ya kuma ajiye kaki shekaru da dama da suka wuce. Bara ya faɗa mini, sau ɗaya tak, cewa wasu abokan aikinsa sun yi masa fyaɗe tun yana cikin aiki, kuma bai taɓa kai ƙara ba. Ba ya barci, ya kama shan giya, aurensa ya mutu. In na ce ya je asibitin tsoffin sojoji sai ya ce ba shi da shaida, ko ya ce ba don irinsa aka gina wurin ba, ko ya ce tone-tone ba abin da zai ƙara masa sai ciwo. Taurin kai ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Amsa

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya. Ba taurin kai ba ne. Maganganun nan uku da kika jero su ne waɗanda masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar tsoffin sojoji suka fi ji daga bakin waɗanda aka ci zarafinsu a bakin aiki, maza da mata, kuma ba ƙirƙirarsu ya yi ba. Kowace ɗaya ya koye ta ne a wani wuri da wani lokaci da take gaskiya tsagwaronta, har ma riƙe ta ne ya sa ya gama aikinsa ya fito da ransa. Damuwar ita ce ya fito da su a dunƙule, alhali yanzu ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗaya doka ta rushe ta tuntuni ba wanda ya gaya masa, ɗaya har gobe akwai gaskiya a cikinta, ɗaya kuwa ciwon ne da kansa yake magana da bakinsa. In kika tare su duka da amsa guda, wato "ka daure ka je", zai ga ba ki saurare shi ba.

Ki fara sanin cewa ba shi kaɗai ba ne, domin mai yiwuwa shi kansa bai san haka ba. Ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ta Amurka, wadda kowa ke kira VA, tana tambayar duk tsohon sojan da ya zo asibitocinta ko an taɓa tilasta masa lalata, ko an dame shi da tsangwamar batsa, lokacin da yake aiki. Suna taƙaita wannan da haruffa uku, MST, ki kuma riƙe haruffan don da su ake neman ofishin. Kusan mace ɗaya cikin uku tana amsawa da e, namiji kuma ɗaya cikin hamsin. Amma da yake maza sun ninka mata nesa ba kusa ba a aikin soja, fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu cewa e maza ne. Binciken da cibiyar RAND ta yi wa Ma'aikatar Tsaro a 2014 ya ƙiyasta cewa sojoji wajen 20,300 aka ci zarafinsu ta wannan hanya cikin shekara guda, kuma fiye da rabinsu maza. Alƙaluman VA kuwa na waɗanda suka iya buɗe baki ne a gaban ma'aikacin lafiya. Irin ƙaninki, da ba su taka ƙofar ba, ba sa ciki.

Maganar shaida ita ce mafi sauƙin warwarewa. Ƙaninki ya haɗa abubuwa biyu da doka ta raba, neman magani da neman diyya. Magani ba ya buƙatar shaida ko kaɗan. Bayan abin kunyar da ya faru a taron hafsoshin jiragen sojan ruwa na Tailhook a Las Vegas a 1991, inda binciken hukuma ya nuna an ci zarafin mata 83 da maza 7, majalisar dokoki ta ba VA izini a 1992 ta riƙa kula da matan da aka yi wa haka. A 1994 aka shigar da maza, a 2004 aka mai da shirin na dindindin. Yadda abin yake a yau, duk wata larura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ta samo asali daga wannan cin zarafi, VA tana duba ta kyauta. Ba a tambayar ko mutum ya kai ƙara a lokacin, ba a neman takarda, ba sai an ba shi matsayin mai nakasa ba. Ba ruwansu da ko a cikin bariki abin ya faru ko a waje, yana kan aiki ko yana hutu, soja ne ya aikata ko farar hula. Har wanda bai cancanci sauran hidimomin VA ba, saboda gajartar lokacin aikinsa ko irin takardar sallamar da aka ba shi, sau da yawa yana da haƙƙin wannan. Kowane asibitin VA yana da jami'in da aikinsa ke nan, mai kula da sha'anin MST. Ana buga lambar asibitin ne kawai a ce a haɗa mutum da shi.

Diyya ce ke buƙatar hujja, a nan kuwa tsoronsa yana da tushe. A 2018 ofishin babban mai binciken VA ya duba buƙatun diyya irin wannan da aka yi watsi da su, ya tarar kusan rabinsu ba a bi ƙa'ida wajen tantance su ba, da ya sake dubawa a 2021 bai ga gyara ba. Labari irin wannan yana yawo tsakanin tsoffin sojoji fiye da kowace sanarwar hukuma. Mutum ya ji an hana abokinsa diyya, sai ya ɗauka likita ma ƙaryata shi zai yi. Ko a fannin diyyar ma, ƙa'ida ta yarda da hujjar da ba ta kai tsaye ba, tunda an san yawancin mutane ba sa kai ƙara: neman canjin wurin aiki ba gaira ba dalili, lalacewar aikin mutum farat ɗaya, fara shaye-shaye, zuwa gwajin cutar da ake ɗauka ta hanyar jima'i, ko bayanin ɗan'uwan da ya ga sauyin halinsa. Ke kanki kina iya zama mai ba da irin wannan bayani. Duk da haka kada ki tayar da zancen kuɗi yanzu. Neman diyya yana sa mutum ya rubuta abin da ya faru, ya kuma maimaita shi gaban baƙon da aikinsa tantancewa ne ba warkarwa ba. Na fi son mutum ya shiga wannan bayan ya riga ya sami mai duba shi.

"Ba don irina aka gina wurin ba." Wannan ita ce mai nauyin, kuma ba abu ɗaya yake nufi da ita ba.

A tsakanin sojoji raunuka suna da martaba. Wanda bam ya cire wa ƙafa a Iraƙi ko Afganistan yana da lambar yabo, yana da labarin da zai iya bayarwa a gaban kowa. Wanda 'yan ɗakinsa suka danne cikin dare ba lamba, ba labarin faɗa. Sai ya zauna yana auna ciwonsa da na wancan, ya yanke wa kansa hukunci cewa in ya je asibiti zai tare wa mai haƙƙi layi ne. Ilimin likita bai yarda da wannan awo ba. Fyaɗe na cikin abubuwan da suka fi haddasa ciwon firgici na bayan tashin hankali, wanda ake kira PTSD, a maza da mata, kuma bincike a kan tsoffin sojoji ya sha nuna cewa illarsa ta kai ta fagen daga, wani lokaci ma ta ɗara. Dalilin a fili yake. A fagen daga maƙiyi yana gabanka, 'yan'uwanka suna bayanka. A nan kuwa wanda aka horar da kai ka ba da ranka dominsa shi ne ya cuce ka, gobe da asuba tare za ku yi fareti, wataƙila ma shi ke rubuta rahoton aikinka. Farar hula yana iya ajiye aiki ko ya tashi daga unguwa. Soja in ya tafi ba izini ya aikata laifi, sai dai ya haɗiye ya ci gaba da sara wa wanda ya zalunce shi.

Sai abin da hukuma ta yi, ko ta ƙi yi. Masaniyar halayyar ɗan Adam Jennifer Freyd ta Jami'ar Oregon ta daɗe tana nuna cewa idan hukumar da mutum ya dogara da ita ta ci amanarsa bayan an cuce shi, ta hanyar rufa-rufa ko ƙaryatawa ko hukunta mai ƙara, ciwon yakan ninka. Sojojin Amurka sun ga wannan da idonsu. A binciken 2014 ɗin nan, kashi 62 cikin 100 na matan da suka kai ƙara sun ce an yi musu bita-da-ƙulli, ko daga shugabanni ko daga abokan aiki. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2016 kan waɗanda aka sallama daga aiki bayan sun kai ƙara, wasu da tambarin cewa suna da matsalar ɗabi'a tun asali, tambarin da ke bin mutum har wurin neman aiki. Wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1950, shari'ar Feres, ya hana soja ƙarar gwamnati kan cutarwar da ta same shi sanadin aiki. Sai a 2005 aka buɗe hanyar da soja zai nemi magani a asirce ba tare da an sanar da kwamandansa sunansa ba. Ikon yanke shawarar ko za a gurfanar da wanda ake zargi kuwa yana hannun kwamandoji har zuwa Disamba 2023, lokacin da aka miƙa shi ga lauyoyin soja na musamman da ba sa ƙarƙashin kwamandojin, bayan hayaniyar da ta biyo kisan wata soja mace, Vanessa Guillén, a barikin Fort Hood a 2020. To ki duba shekarun da ƙaninki ya yi aiki. Shirun da ya yi a lokacin ba wauta ba ce, lissafi ne, kuma lissafin ya yi daidai da abin da yake gani.

Za ki iya ce masa VA daban, rundunar soja daban, kwamandansa ba shi da iko a can, kuma gaskiya ne. Amma tunani ne zai karɓi wannan, jiki ba zai karɓa ba. Ya shiga harabar asibiti ya ga tuta, ya ga ɗakin jira cike da maza masu hulunan rundunoninsu, ya ji irin barkwancin bariki, ya ji an kira shi da sunan mahaifi kamar yadda saja yake yi: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga mata abin ya wuce tunawa kawai. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu daga masu zuwa asibitocin VA ta ce maza tsoffin sojoji sun yi mata maganganun banza ko tsangwama a harabar asibitin, kuma irin waɗannan sun fi jinkirta zuwa ganin likita. Saboda haka ba na ce wa kowa tsoronsa ruɗu ne.

Abin da nake cewa shi ne ƙofar ba ɗaya ba ce. Akwai ƙananan cibiyoyin ba da shawara da ake kira Vet Center, waɗanda aka kafa a 1979 don sojojin da suka dawo daga Biyetnam suna ƙyamar manyan asibitocin gwamnati. A cikin gari suke, ba su yi kama da asibiti ba, fayilolinsu a ware suke daga na asibitin, kuma suna ba da shawara kan MST kyauta. Akwai ganin likita ta bidiyo, mutum yana ɗakinsa ƙofa a kulle. Yana da damar cewa mace yake so ta duba shi ko namiji. Kada ki zaɓa masa, domin a nan maza sun rabu: wani ba zai iya zama ɗaki ɗaya da namiji ƙofa a rufe ba, wani kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa mace ba. In kuma duk abin da ke da tambarin gwamnati ya fita daga ransa, likitan waje da ya iya aikin PTSD ya wadatar. Magani ne abin nema, ba gini ba. In takardar sallamarsa mai tabo ce, tun 2017 akwai umarnin Ma'aikatar Tsaro ga kwamitocin da ke sake duba takardun sallama cewa su sassauta wa waɗanda aka ci zarafinsu.

Akwai magana ta huɗu da bai faɗa miki ba, kuma ina kyautata zaton ita ke ƙarƙashin sauran: yana ganin abin da ya faru ya cire shi daga sahun maza. Ko ba fyaɗe, soja yana kallon zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa a matsayin ragwanta. A binciken da Charles Hoge da abokan aikinsa suka buga a 2004 kan sojojin da suka yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan, cikin waɗanda alamun larura suka bayyana a kansu, kashi 65 cikin 100 sun ce za a ɗauke su raunana in sun nemi taimako, kashi 63 sun ce shugabanninsu za su sauya musu fuska. Waɗanda suka fi buƙatar magani su suka fi tsoron nemansa. Wannan ciwon yaƙi ke nan, mai martaba. Ki ƙara masa fyaɗe, a kan mutumin da aka koya wa kashe maƙiyi da hannu.

Tambayoyin da ke cin irin waɗannan maza a ɓoye kusan iri ɗaya ne. Na farko: me ya sa ban yi faɗa ba? Amsar ita ce jiki yakan sandare idan tsoro ya kai maƙura, hannu da ƙafa da murya su ƙi motsi, ba da zaɓin mutum ba, kuma horon soja ba ya kawar da wannan. Wani bincike a Suwidin a 2017 kan mata 298 da suka je asibiti bayan fyaɗe ya samu bakwai cikin goma sun ƙame haka. Ga soja akwai ƙari: sau da yawa masu yin abin suna da yawa, ko sun fi shi muƙami, ko an sa masa wani abu a abin sha. Na biyu, wanda ya fi wuyar furtawa: jikina ya amsa, ko ke nan na so? A'a. Wannan aikin jijiyoyi ne da taɓawa ke tayarwa ko mutum yana cikin tsananin tsoro da ƙyama, ba yarda ba ce, ba ya kuma nuna komai game da sha'awar mutum. Na uku: za a ce ni ɗan luwaɗi ne. Wannan tsoro ma yana da tarihi, domin har zuwa Satumba 2011 dokar soja tana korar wanda aka tabbatar yana neman jinsinsa, sai namijin da aka yi wa fyaɗe ya ga kai ƙara tamkar kai kansa ne. Yawancin irin wannan ta'asa a kan maza ba sha'awa ce ke kawo ta ba, wulaƙanci ne da nuna iko, shi ya sa maza da yawa suke kiranta horon sabon shiga ko wasan banza, su shekara ashirin ba su kira ta da sunanta ba. Ƙaninki ya kira ta da sunanta a gabanki. Ba ƙaramin abu ya yi ba.

Ban ce ki je ki zazzage masa waɗannan ba. Daga bakin yaya, zancen abin da jikinsa ya yi zai iya sa ya rufe bakinsa har abada. Na faɗa miki ne don in wata rana ya jefo rabin magana, kamar "ai da na yi wani abu", ki san abin da ke bayanta, ki ce masa jiki yakan ƙame, likitoci sun san da haka, ki yi shiru.

Saura maganar tone-tone. A nan ma akwai guntun gaskiya: a makonnin farko na magani wasu sukan ji abin ya taso, mafarkai su ƙaru kafin su ragu. Amma ki lura da yadda ciwon yake aiki. Guje wa duk abin da ke tuna wa mutum abin da ya faru yana cikin alamomin PTSD kansu. Duk ranar da ya kauce, yakan sami sauƙi na 'yan sa'o'i, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara tabbatar wa kanta cewa tunawar haɗari ce. Da haka duniyarsa take ƙanƙancewa: ya daina shiga taro, ya daina kwana da fitila a kashe, ya daina kusantar matarsa, giya ta zama maganin barci. Wato ciwon da ake so a yi wa magani shi ne yake ba shi shawarar kada ya je. Kuma abin da yake gudun a tono ba a binne yake ba, tunda kullum dare yana zuwa masa.

Magungunan da suka fi inganci na zama ne da magana, kuma suna da iyaka, ba shekaru ake yi ana kuka a kan kujera ba. Akwai wanda ake kira CPT, wanda Patricia Resick ta tsara tun farko domin matan da aka yi wa fyaɗe. Zama wajen goma sha biyu ne, aikinsa bin hukunce-hukuncen da mutum ya yanke wa kansa, irin su "laifina ne", "ba wanda za a amince wa", "na lalace", a auna su da hujja ɗaya bayan ɗaya. Ana iya yin sa ba tare da mutum ya ba da labarin daki-daki ba, kuma wannan kaɗai yakan sauya ra'ayin masu irin tsoron ƙaninki. Akwai PE na Edna Foa, zama takwas zuwa goma sha biyar, inda ake fuskantar tunawar da wuraren da ake gudu sannu a hankali har su rage ƙarfi. Akwai EMDR, inda mutum ke tuna abin da ya faru yana bin motsin hannun likita da ido, wanda ba ya buƙatar dogon bayani da baki. A wani babban gwaji da aka buga a 2007 kan mata 284, tsoffin sojoji da masu aiki, waɗanda yawancinsu cin zarafin lalata ne babban ciwonsu, kashi 41 cikin 100 na waɗanda aka yi wa PE sun fita daga sahun masu PTSD, a ɗaya rukunin da aka yi wa shawara kan matsalolin yau da kullum kuwa kusan kashi 28. Ki ga ba kowa ne ya warke sarai ba, kuma waɗanda suka bar PE a tsakiya sun fi yawa. Na fi son a gaya wa mutum haka tun farko. Soja ya saba da aiki mai wuya in an faɗa masa gaskiyar wuyarsa, abin da ba ya yafewa shi ne a yaudare shi.

Akwai ƙwayoyi da ke taimakawa, irin su sertraline da paroxetine da venlafaxine, ga wanda bai shirya wa zaman magana ba ko yake fama da baƙin ciki mai tsanani. Ƙwayoyin kwantar da hankali na dangin diazepam kuwa ƙa'idar VA da Ma'aikatar Tsaro ta hana amfani da su don PTSD, haɗa su da giya kuma haɗari ne ga rai. Giyar kanta ba ta hana a fara magani. Da can akan ce sai mutum ya daina sha tukuna, yanzu an gane gara a yi maganin biyun tare. Abu ɗaya dai: in yana sha da yawa kullum, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a gida, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Da likita ake yi.

In yana aikin da ke buƙatar izinin ganin sirrin gwamnati, zai iya jin tsoron cewa zuwa likita zai ci masa aiki. Tun 2013 aka ba da umarnin cewa shawarar da mutum ya nema saboda an ci zarafinsa ba sai ya bayyana ta a takardar neman izinin ba, kuma neman magani kaɗai ba dalilin hana izini ba ne. Abin da ke cin aiki shi ne shaye-shaye da bashi da rigimar da ciwon da ba a kula da shi ba yake jawowa.

Ke kuma, ga abin da nake gani. Ainihin abin da aka ƙwace masa lokacin da aka yi masa fyaɗen shi ne ikon cewa a'a. Duk taimakon da ya zo da tilas, ko da na ƙauna ne, yana taɓa wannan gyambo. Kada ki yi masa alƙawarin ganin likita a bayan idonsa, kada ki tara dangi a kansa, kada ki faɗa wa kowa, ko mahaifiyarku, sai da izininsa. Sau ɗaya ya faɗa, yana kuma kallon abin da za ki yi da maganar. Kada ki tambaye shi su wane ne, ko me ya sa bai kai ƙara ba. Ki ba shi labari guda, gajere, a lokacin da yake cikin natsuwa ba a buge ba: ba a neman shaida, kyauta ne, ana iya yi ta bidiyo, shi zai zaɓi mai duba shi, yana iya tashi ya tafi duk lokacin da ya so. Daga nan ki bar shi da ita. Yawancin maza ba ta ƙofar fyaɗe suke shiga ba, ta ƙofar rashin barci suke shiga, ko ciwon baya, ko giya. In ya yarda ya ga likita don barci kawai, ya isa. Za a yi masa tambayar nan ta MST, yana iya cewa e ba tare da ƙarin bayani ba, yana iya cewa ba ya son amsawa yau, in ma ya ce a'a yana iya komawa ya sauya amsar daga baya. VA tana da manhajar waya kyauta mai suna Beyond MST, ba ta neman suna, wasu da ita suke fara leƙawa.

Wuri ɗaya ne ban yarda ki jira ba. Cin zarafi irin wannan yana ƙara haɗarin kashe kai, ga shi kuma akwai giya, rashin barci da mutuwar aure. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ki tambaye shi ko akwai bindiga a gidan, domin fiye da bakwai cikin goma na tsoffin sojojin Amurka da ke kashe kansu da bindiga suke yi, kuma mummunan tunanin yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci. Ki roƙe shi ya kulle ta, harsashi a wani wuri daban, ko ya ba wani amintacce ajiya har abubuwa su lafa. In ya ce e yana tunanin, ko ya fara rabar da kayansa, ko ya yi miki magana mai kama da ban kwana, a cikin Amurka a buga 988 a danna 1. Layin tsoffin sojoji ne, dare da rana, ba sai mutum ya yi rajista da VA ba, kuma 'yan'uwa ma suna iya bugawa su nemi shawara ko da shi ba ya kusa.